Kashi Uku

Enok ya shigo, ruwan sama na ɗiga daga hularsa,
ya ajiye kwalba kan teburin girki,
bakinta toshe da jan kaki, an buga mata lamba.
Ya ce, "Inna, kar ki taɓa, ba ta shayi ba ce.
Madarar uku na raba ta, haka doka ta ce:
ɗaya ga mai kanti, ɗaya ga mai awo,
wannan kuwa sai gaban alƙali."

Na dubi kwalbar, na dubi ɗana.
Wutar murhu ta yi ƙasa, ban tashi na iza ba.

Ni Keziya, 'yar Holroyd mai tsefe ulu,
shekarata goma sha ɗaya a lokacin,
a Bradford, inda hayaƙin masaƙu ke cinye rana.
Daren Asabar, an biya albashi,
fitilun kasuwa na rawa cikin iska.
Ahu ne a tafina, kwabo da rabi,
abin da Baba ya tsakura mini daga ladan ƙulla zare.
Jabez na jan gefen rigata,
ɗan shekara shida, da giɓi a gaba,
ba abin da yake so sai alewar na'a-na'a.

Sukari na da tsada a zamanin,
masu alewa na haɗa shi da farin gari
irin wanda ake shafe bango.
Kowa ya sani, ba mai cewa uffan.
Ciki ba ya kai ƙara.

Sai a wancan karon yaron kantin magani
ya hau bene, ya buɗe gangar da ba ita ba.
Wannan fari, wancan fari,
ɗaya na bango, ɗaya na ɓera.

Na ba shi uku.
Ni na gutsuri ɗaya, na tofar,
ta yi mini garas-garas a haƙori.
Ya yi dariya, ya ce in ba shi ragowar.
Na ba shi.

Daren Lahadi masu shela suka bi layi-layi da ƙararrawa:
kar a ci, kar a ci, wanda ya saya ya zubar.
Mu a gidanmu an riga an lulluɓe madubi,
an tsayar da agogo.

Kusan mutum ashirin, in ji masu ƙirga.
An kai mutane kotu, sun koma gida sun ci abincin dare.
Garin bango a cikin alewa
ba wanda aka ɗaure a kansa.

Doka ta taho da tafiyar hawainiya.
Ta farko ba ta da haƙori, 'yan kasuwa suka yi mata dariya.
Bayan shekara goma aka ce guba sai da rubutu a jiki,
mai saye ya sa hannu cikin littafi.
Na yi aure, na haifi Enok, ya fara gudu a lungu,
sannan aka ce burodi da man shanu da barkono
su zama abin da aka kira su.

Yanzu ɗana ke yawo da jaka da kwalabe.
Mai madarar layinmu ya daina gaishe ni,
matar mahauci ta canza benci a coci.
Suna cewa ɗan Keziya ya cika bin diddigi,
ruwa kaɗan a madara wa ya kashe?
Ba na ba su amsa.
Ban taɓa gaya wa Enok dalilin da ya sa
na sayar da zobena ya yi karatu ba.

Jiya jikata Zilla ta zo da alewa a takarda,
farare, masu ƙamshin na'a-na'a.
Enok ya ce, "Inna, na san kantin, an auna."
Na ce na ji.
Na karɓi ɗaya, na gutsura,
na juya ta a harshe, na jira,
yarinya na buga ƙafa a ƙasa,
na jira har ruwan shayi ya tafasa,
sannan na buɗe mata hannuna.